Sau Bakwai Ya Tsaya

A yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya, kuma na san akwai waɗanda suka fi ni cancantar faɗin yadda maƙwabcinmu Kaka Pyon ya rasu. Amma ni ce a bayansa ranar, taku goma tsakaninmu. Shi ya sa na daure.

"Sake," in ji Yaya Gyuri. "Wannan ba tafiyar tsoho ba ce, tafiyar akuya ce mai targaɗe."

Taeung ya sauko daga kan akwatunan katakon da muka jera a matsayin matakala, yana share gumi da gefen riga. A tsohon gidan wankan unguwarmu muke gwaji, can saman tudu a birnin Busan. Shekara shida ke nan da rufe shi. Babu ruwa, sai fararen tayil da warin danshi, kuma duk abin da ka faɗa sai bango ya maimaita maka.

Yaya Gyuri ta juyo gare ni. "Auta, karanto masa kuma."

Na buɗe littafina. "Mataki na talatin da ɗaya. Ya tsaya. Ya ɗora hannun dama a ƙirji. Ya juya ya kalli teku. Na ƙirga goma sha biyu. Ya ci gaba."

Mu huɗu ne. Yaya Gyuri ce babba. Namhui ke kula da fitilu da sauti, Taeung shi ne mai hawa dandamali, ni kuma Dasom, da yake ba na iya buɗe baki a gaban mutane, aka ba ni aikin kallo da rubutawa. Ba mu da darakta, ba mu da rubutaccen wasa, komai tare muke ƙirƙira. Wasanmu na farko ke nan, kuma babu magana ko ɗaya a cikinsa: mutum ɗaya ne zai hau matakala tamanin da takwas, daga ƙofar gidan wanka zuwa gidansa. Ƙa'idarmu ɗaya ce, Yaya Gyuri ta rubuta ta a kan madubin da maza ke aski a da: abin da ido ya gani za a kawo, ba abin da zuciya ta raya ba.

Mutumin da muke kwaikwaya kuwa yana zaune a bakin kwarmin wanka yana ɓare dafaffen ƙwai.

"Kai yaro, ni haka nake tafiya?" in ji Kaka Pyon. "Da haka nake tafiya ai da marigayiya ba ta aure ni ba."

"To taso ka nuna mana, Kaka."

"Tauraro ba ya maimaitawa." Ya miƙa hannu ya shafa gadon bayan Taeung, ya yatsine fuska. "Bayan nan ya shekara bai ga mai cuɗa ba. Da a zamanina ne, sai na cika bokiti da dauɗarka."

Shekara talatin da huɗu ya yi yana cuɗa bayan maza a gidan. Bayan an rufe ma bai daina saukowa ba, kullum da safe sai ya zo ya buɗe tagogi don kada bango ya yi funfuna, alhali ba wanda ya sa shi. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da nawa. Da muka nemi izininsa, dariya ya yi har da hawaye, ya ce mu kwaikwaya, amma a rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Tun daga nan, duk lokacin da zai koma gida kafin azahar sai in bi shi da littafi. An ce kada in matso kusa da taku goma, don kada ya canza tafiya saboda ni.

A watan Maris sau ɗaya yake tsayawa. A Afrilu ya zama sau uku. Da Mayu ya kama na fara rubuta wasu abubuwan: idon sawunsa ya kumbura har robar safa tana barin shaida, leɓensa ya yi duhu, ya ɓare ƙwai ya ba Namhui bai ci ba. Tarin da nake ji ta bango ban rubuta ba, don ba ido ne ya gani ba.

Ni kuma ga ni da shegen karance-karance. Na je laburare na ɗauko littafin koyon aikin jinya, na zauna a lungu. Duk abin da ke cikin littafina yana nan a shafi ɗaya, a jere, ƙarƙashin babin gazawar zuciya. Na rufe shi na mayar.

Ranar Litinin muke zaman shawara. A cikin busasshen kwarmin muke zama, a riƙa miƙa ƙaramin kwanon roba na ɗiban ruwa, wanda ke riƙe da shi ne kaɗai zai yi magana. Ranar Kaka bai zauna da mu ba, ya buɗe tagogi ya tafi. Da kwanon ya zo hannuna na ƙanƙame shi.

"Tsayuwarsa ta ƙaru," na ce. "Jiya sau shida."

Yaya Gyuri ta fisge kwanon, idonta na ƙyalli. "Ga ƙashin bayan wasan nan! Wata uku muna nemansa. Taeung zai hau sau uku. Hawan farko tsayuwa ɗaya, na biyu uku, na ƙarshe shida. 'Yan kallo za su ji numfashi a jikinsu."

Na miƙa hannu a hankali, aka dawo mini da shi. "Yaya, ina jin ba shi da lafiya. Ina jin zuciyarsa ce."

Namhui ba ta ma jira kwanon ba. "Kin gani, ko kina ji?" Ta nuna madubi da haɓa. "Likita Dasom. Yaushe aka yaye ki ba mu sha biki ba?"

"Ni fa na tambaye shi," in ji Taeung. "Ya ce jiragen ruwa yake kallo. Tsoho ne, shekara saba'in da tara, da gudu kike so ya hau?"

"'Yarsa tana birnin Changwon," na ce. "Lambarta na jikin firijinmu."

Kowa ya san 'yar tasa, Anti Mirye, ta daɗe tana neman dalilin da za ta ɗauke shi daga kan tudun nan. In ta ji, a ranar za ta zo ta tafi da shi. Saura mako uku mu buɗe wasa, kuma hawa na uku bai gama haɗuwa ba. Ba wanda ya faɗi wannan da baki.

"Mu yi haka," in ji Yaya Gyuri, ta sassauta murya. "Ya zo ya ga kansa a daren farko, ai ya cancanta. Washegari ni da kaina zan kira ta. Wa ya yarda?"

Hannu uku suka tashi. Suka juyo suna kallona, don a wurinmu ba a zartar da komai sai kowa ya amince. Na ɗaga nawa. Ba a tilasta ni ba, ina so a san wannan.

Bayan kwana biyu, a mataki na hamsin da wani abu, ya tsaya bai juya wajen teku ba. Ni ya juyo ya kalla.

"Ɗaliba, zo nan. Bar wannan taku goman naku."

Na matso. Numfashinsa na fita da wani ɗan kuka kamar butar shayi.

"Nawa kika rubuta yau?"

"Bakwai, Kaka."

"Rubuta huɗu." Ya yi murmushi. "Yaron nan zai sa mutane su ce na tsufa."

"Kaka, ko za ka je asibiti?"

"In je su riƙe ni? Su kira Mirye ta kai ni bene na goma sha biyar in zauna ina kallon talabijin kamar tukunyar fure?" Ya dafa ƙarfen matakala. "Ke dai ba an ce abin da kika gani za ki rubuta ba? Me kika gani?"

"Ka tsaya ka kalli teku."

"To ashe kina da hankali."

Da na shiga gida na tsaya gaban firiji. Na kwafi lambar a wayata, na rubuta saƙo mai tsawo, na gyara gaisuwar sau uku don kada ta ga rashin kunyata. Sai na tuna na ɗaga hannu. Na goge. Washegari na sake rubutawa, na sake gogewa. A littafi dai bakwai na rubuta.

Ranar Alhamis ce, saura kwana tara. Rana ta fito sosai, matar gidan da ke kan kwanar matakala tana shanya barguna a kan ƙarfe. Ya tsaya sau biyar kafin ya kai mataki na sittin da ɗaya. A nan ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya zauna. Ya jingina kafaɗa da bango, ya ajiye ledar ƙwai a gefe.

Na rubuta: "Mataki na sittin da ɗaya. Ya zauna." Har na ji wani ɗan daɗi, don na san Yaya Gyuri za ta so wannan. Na fara ƙirgawa.

Wannan ne wurin da na fi jin tsoron rubutawa. Na ƙirga ashirin. Na ƙirga arba'in. Kansa ya sunkuya kaɗan, na rubuta hakan ma. Leda ta kife, ƙwai ɗaya ya gangaro, yana bugun matakala ɗaya bayan ɗaya har ya wuce ta gefen ƙafata. Na kai casa'in kafin na saki littafin na ruga.

"Kaka! Kaka!"

Idonsa a buɗe yake amma ba ni yake kallo ba. Matar da ke shanya ce ta kira motar asibiti. Mota ba ta hawa unguwarmu, sai da maza biyu suka hau da gadon ɗaukar marasa lafiya. Ɗayansu ya durƙusa yana danna masa ƙirji, ya tambaye ni ba tare da ya ɗago ba, "Ya kai minti nawa a haka?"

"Ban sani ba," na ce.

Kafin la'asar aka sanar da mu ya cika.

Washegari da rana muka je zaman makoki a ɗakin makokin da ke ƙasan asibitin, mu huɗu cikin baƙaƙen kaya. Muka cire takalma a ƙofa. Hotonsa na tsakiyar fararen furanni, tsohon hoto ne, kumatunsa a cike. Muka kunna turare, muka yi masa sujudar girmamawa sau biyu, muka juya muka rusuna wa iyalinsa. Anti Mirye ta kama hannun Yaya Gyuri da hannu biyu.

"Ku ne 'yan wasan. Kowane mako sai ya kira ni ya ce ya zama tauraro. Ku zauna ku ci abinci, don Allah."

Aka kawo mana miyar nama mai yaji da shinkafa a ƙaramin tebur. Ba a jima ba ta zo ta durƙusa a gefenmu, idonta ya kumbura.

"Likita ya ce zuciyar ta yi watanni tana gazawa. Ya ce da an kawo shi ko da mako biyu da suka wuce ne, da akwai abin yi. Ni a waya kullum lafiya lau yake ce mini." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ku da kuke ganinsa kullum, babu wata alama?"

Taeung ya sunkuyar da kai cikin kwanonsa.

"Kullum cikin raha yake, Anti," in ji Yaya Gyuri. "Har ranar Laraba yana tsokanar mu."

Ba ƙarya ta yi ba. Anti Mirye ta gyaɗa kai, sannan ta juyo gare ni.

"Ke ce Dasom ta maƙwabta, ko? An ce ke ce tare da shi. Na gode da ba ki bar shi shi kaɗai ba." Ta riƙe yatsuna, tafin hannunta da ɗumi. "Bai sha wahala ba dai? Nan take ne?"

Na buɗe baki. Na ji maganar ta taso har maƙogwaro, dukkanta, daga watan Maris har zuwa casa'in. Sai wani ya leƙo daga ɗakin hoton ya ce, "Mirye, tsofaffin abokan aikin Baba sun iso." Ta matse hannuna ta tashi, tana gyara baƙar rigarta.

Namhui ta jira har ta yi nisa, sannan ta matso da kai tsakiyar tebur.

"Ba yanzu ba, na sani," ta ce ƙasa-ƙasa. "Amma dole mu yi shawara ranar Litinin. In za mu ci gaba, sai mu sadaukar masa da shi. Kuma ƙarshen ya canza." Ba ta kalle ni ba. "Auta ta rubuta na ranar Alhamis, ko?"

"Namhui," in ji Taeung.

"Tambaya kawai na yi."

Yaya Gyuri ba ta ce a'a ba. Tana juya cokali a cikin miya, kuma na san wannan kallon nata, tana ganin fitila tana dusashewa a hankali a kan mutum a zaune.

Tsofaffi uku suka fito daga ɗakin hoton, ɗaya na kuka da ƙarfi, mutane suka miƙe don ba su wuri. Na miƙe tare da su. Na bi ta bayan mai raba shinkafa har bakin ƙofa. Takalma sun taru sun hau kan juna, kusan duk baƙaƙe, na durƙusa ina lalube har na sami nawa, ɗaya a nan ɗaya can ƙarƙashin na wani. Ban tsaya ɗaure igiya ba. A farfajiya wata mata tana jera sababbin furannin da aka aiko wa makokin ɗakin gaba, ta matsa mini na wuce ba ta ɗago kai ba.