Muryar da Aka Sayo wa Abu Sana

A Dumyaɗ, birnin kafintoci a ƙasar Masar, akwai wata tsohuwa Fatahiyya da ta shekara da shekaru tana sauraron mijinta da ido. Abu Sana kurma ne tun haihuwa. Da hannu ya nemi aurenta, da hannu suke faɗa kowace safiya a kan kwanon wake. To, sai ciwon suga ya fara cinye mata gani. Hannuwansa suka koma kamar tsuntsaye biyu a cikin hayaƙi, daga baya hayaƙin kaɗai ya rage. Shi yana ganin nata hannun sarai. Ita ce aka bari a rufe.

'Yarsu Sana ta zo daga Alƙahira da wani allon kwamfuta mai ido ɗaya, ta kafa shi kusa da taga don yana son haske.

"Mama, in Baba ya yi magana a gabansa, zai faɗa miki da murya."

Aka zaunar da tsoho yana fuskantar taga, ya motsa hannuwa. Allon ya yi magana da muryar saurayi, irin ta masu karanta labarai: "Ina roƙon shayi, in kin yarda."

"Wane ne wannan?" in ji Fatahiyya. "Ubanki bai taɓa ce mini in kin yarda ba. Ko kin sake mini miji ne ban sani ba?"

Sana ta yi dariya, ta koma bakin aikinta.

Kwanaki suka ja. Maganar hannu irin ta makaranta kaɗai allon ya iya. Alamun da su biyu suka ƙirƙira a ɗakinsu kuwa, sai ya ce bai gane ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, in Abu Sana zai yi mata magana sai ya juya mata baya, alhali a wajen kurame babu wulaƙancin da ya kai wannan. Tana jin ƙarar kujera duk lokacin da ya juya. Sannu a hankali kujerar ta daina ƙara. Gidan ya yi tsit, ita kuma ta gaji da zama da mutum mai ladabi.

Wata rana da la'asar allon ya yi ta cewa bai gane ba, tsoho yana ta huci. Ta tashi tana lalube, ta kama kafaɗarsa ta juyo shi, ta ɗora tafukanta a kan hannuwansa. Hannuwan kafinta ne, duk kanta da tabon kayan sassaƙa.

"Faɗa mini a nan," ta yi masa alama.

Ya faɗa, ba ta kama ba. Ya sake a hankali, yatsunta suna bin nasa, suka jima a tsaye. Can ta gane: "Tsohuwa, tun safe rigarki a bai-bai take."

Ta shafa wuyan rigar, ta ji ɗinki a waje. Ta amsa masa da alama.

"Kai kuma sai yanzu hannunka ya buɗe, tsohon banza?"

Ta jawo kujera ta zauna, ba ta sake shi ba.