Huda Uku

Ranar da aka sallamo Dogo daga asibiti, matarsa har rawa ta taka a tsakar gida. Afendiks ɗinsa ne ya kumbura, likita kuwa ta cire shi ba tare da ta tsaga cikin ba. Huda uku kawai ta yi, ɗaya a cibiya, ta zura kyamara da 'yan siraran ƙarafuna, washegari ya fito da ƙafarsa. Sharaɗinta ɗaya ne: sati huɗu kada ya ɗaga abin da ya fi buta nauyi.

To, Dogo dakon siminti yake yi a sito.

Kwana biyar da dawowa, mai sito ya zo dubiya, ko in ce bincike.

"Ɗaga rigar in gani."

Dogo ya ɗaga. Filasta uku ne, kowace ba ta fi kan babban yatsa ba. Mutumin ya bushe da dariya, ya yaye tasa rigar, ya nuna wani tsohon tabo mai tsawon cokali.

"Ka ga aiki nan. Kai allura aka yi maka. Litinin mota za ta zo, in ba ka fito ba akwai masu jiran wurin."

Matar ta miƙa masa takardar likita. Ko buɗewa bai yi ba, fifita ya yi da ita ya ajiye.

Ta yi roƙo, ta yi faɗa, har takalman Dogo ta ɓoye. Ya ce mata, "Maman yara, in aka ba wani wurin, me za mu ci?" Litinin ya fita da silifas ɗin wanka.

A buhu na sha ɗaya hudar cibiyar ta buɗe daga ciki, hanji ya turo ya maƙale. Wannan karon likita ba ta da zaɓi, sai da ta tsaga shi sosai.

Mai sito bai ji kunya ba, ya sake zuwa, da ledar lemo. Ya leƙa dogon ɗinkin, ya gyaɗa kai kamar wanda aka kawo wa kayan da ya yi oda.

"Yanzu kam an yi aiki. Ka huta wata guda."

Matar ta ja rigar mijinta ta rufe cikin, ta mayar masa da ledarsa a hannu.

"Ranka ya daɗe, na farkon ne aikin likita," ta ce. "Wannan naka ne."