Wasɗa a Mujallar Fiziya

Iyatu, ƙanwar marigayiya matata, ta zo gidana a unguwar Al-Khalidiyya, nan Madina, ranar wata Talata bayan la'asar, da kwalin dabinon ajwa a hannu, 'yarta Hanan tana biye da ita. Iyatu ba ta kawo dabino sai da dalili. Na ɗora shayi na jira.

Hanan tana shekarar ƙarshe ta duktura, wato digirin digirgir, a kimiyyar fiziya, kuma jami'arta ba za ta bari ta kare kundinta ba sai an karɓi takardarta guda a mujalla mai daraja. Yarinyar ta tsallake ƙananan duka, ta aika wa babbar cikinsu. Amsa ta dawo da shafi huɗu na suka. Saura wata uku wa'adinta ya cika. In ya cika babu takarda, shekara biyar ta tafi a banza, tare da gurbin koyarwar da aka yi mata alkawari.

Abin da uwar take so shi ne wasɗa, wato in sa baki. In kira mutanena na mujallar, in ce 'yar gida ce, a haɗa wa edita dabinon da gorar zamzam.

"Yaya, kowa ya san suna rubuto maka," in ji ta. "Marigayiya da bakinta ta faɗa mana."

Gaskiya ta faɗa. Lokacin da nake koyar da fiziya a kwalejin malamai, muna zaune a Ƙiblatain, sau uku ambulan mai hatimin mujallar ya zo mini. Matata Zulaiha takan gaya wa maƙwabta cewa Turawa sun sake rubuto wa Ustaz Ubaidullah. Abin da ke ciki ne ba ta taɓa faɗa ba. Ba ta karanta Turanci, amma takan dubi fuskata ta gane, sai ta dafa abin da na fi so, ba ta tambaya.

Na yi wa Iyatu bayani yadda zan iya. Na ce mujallar nan ta girmi kakanmu da ya tako da ƙafa daga Katsina ya zauna a garin Manzo. Ta fara da 'yan shafuka da malamai ƙalilan suke karantawa, yau kuwa mutum yakan ci shekara goma yana taƙama da shafi shida a cikinta. Darajarta duk daga al'ada ɗaya ta fito: kowace takarda sai an miƙa wa wani masani ya tantance, ba a faɗin sunansa, ba a biyansa, ba shi da wanda zai faranta wa rai. Mutanen da muke haddace sunayensu a littattafan makaranta ma an sha mayar musu da aiki a ce su gyara. Ranar da ajwa ta buɗe ƙofar, ranar mujallar ta zama takardar naɗe burodin tamiz.

Iyatu ta saurara da ladabi irin na wadda ba ta yarda ba. Ta ce ba ta taɓa ganin ofis a duniya da babu wani wanda ya san wani ba. Ta ce in dai ina jin nauyi ne, ita za ta yi magana, ni in ba da lamba kawai.

Na shiga ɗaki na ɗauko wasiƙun uku daga cikin tsohon ƙamus, na miƙa wa Hanan, na ce ta fassara wa uwarta. Ta karanta ta farko, ta ɗago ta dube ni. Layi biyu ne. Sun gode, aikin bai kai a tura wa mai tantancewa ba. Ta biyu haka, ta uku haka, sai dai an canja mai sa hannu.

"Waɗannan su ne mutanena," na ce. "Wanne zan kira?"

Iyatu ta ce innalillahi a hankali, ta tsiyaya mini shayin da ban nema ba. Na yi zaton ranar da asirin zai fito zan ji kunya. Abin da na ji bai wuce na mutumin da ya cire takalmi mai matsi ba.

Na ce Hanan ta ba ni nata shafukan. Da Hausa nake mata magana, tana amsawa da Larabci, kamar duk yaran da aka haifa a nan. Aikinta kan wani siririn sinadari ne da ake shafa wa farantan sola, yadda yake ɗaukar haske in zafi ya tsananta. Ta gano cewa daga wani mataki na zafi layin awonta yana lanƙwasa ta inda ba a zata ba, kuma wannan lanƙwasar ce dukan takardar. Mai tantancewar ya kawo ƙorafi goma sha ɗaya. Goma ƙanana ne, har da gyaran waƙafi. Na bakwai ne mai haƙora: ya ce ta yaya ta san sinadarin ne yake lanƙwasa layin, ba na'urar awonta ba ce take ɗaukar zafi?

Ta ce mutumin yana ƙinta ne, ya ga sunan Madina ya raina. Na ce wanda ya raina ka layi biyu yake rubuto maka, ga shaida a cinyarta. Wannan ya zauna ya ɓata kwanakinsa a kan aikin yarinyar da bai sani ba, kuma a na bakwai yana da gaskiya. Maganin tsoho ne, shekara talatin ina koya wa ɗalibai suna hamma: a cire sinadarin, a auna na'urar ita kaɗai a cikin zafi iri ɗaya, a ga abin da take faɗa in babu komai a ciki.

Sai ta ce, wannan karon da Hausa, in ban da kiran baffa irin na Larabawa da take mini, "Ammi, in na auna lanƙwasar ta ɓace fa?"

"To ba ta taɓa kasancewa ba, kuma gara ke ki gano."

Mako uku ta yi tana awon. Ban kira ta ba. Iyatu ce take kirana kowace safiya ta ba ni labarin cewa yarinyar ba ta cin abinci, kamar ni na rubuta shafi huɗun.

Ranar Asabar da hantsi Hanan ta zo ita kaɗai, ta buɗe kwamfutarta a kan teburina. Na'urar tana da laifi: kashi ɗaya cikin uku na lanƙwasar nata ne. Sauran kashi biyun suna nan, kuma yanzu da aka tsabtace su sun fi dacewa da wani lissafi da ta yi watsi da shi bara. Ta fara nuna mini. Na bi ta a shafi na farko da na biyu. A na uku ta shiga wani fanni da ba a ƙirƙiro ba lokacin da nake karatu, na ci gaba da gyaɗa kai har ta lura.

"Ammi, ka gane?"

Na ce ban gane ba, ta ci gaba, ina jin daɗin sauraro. Ta gama, ta rubuta amsar ƙorafi goma sha ɗayan ɗaya bayan ɗaya, na hana ta saka kalmomin fushi guda biyu, ta aika kafin azahar.

Saura kwana ashirin da shida wa'adinta ya cika aka karɓi takardar. Mai tantancewar ya ƙara da cewa har yanzu bai gamsu da hoto na huɗu ba, a gyara ma'auninsa kafin a buga. Na duba hoton. Nan ma yana da gaskiya.