Man da Injin Ya Sha

Ƙarfe goma da kwata tsohon injin dizal ya tashi. Ya yi tari sau biyu, ya feso baƙin hayaƙi, ya daidaita. Ƙwan lantarkin da ke rataye a rumfar gyara ya kawo haske.

Injiniya, mai gyaran famfo da unguwa ta laƙaba wa wannan suna, ya saki hannun injin ya daka tsalle har kansa ya bugi kwanon rufi.

Shekara huɗu ke nan da ya dasa bini-da-zugu ɗari shida a filin da mahaifinsu ya bari, filin da ruwa ya zaizaye ya yi kwazazzabo, har ciyawa ta daina fitowa. Yanzu saiwoyi sun riƙe ƙasar, ganyen da ke zuba ya fara baƙanta ta. Amma yayansa na son miƙa filin ga masu haƙar yashi. Sharaɗin da ya gindaya ɗaya ne: in man da aka matse daga 'ya'yan itatuwan ya tada inji yau, su zauna. In bai tada ba, gobe gatari.

"Kai! Ashe ba hauka kake ba," in ji Yaya.

"Ko haukan ne, Yaya, ga shi ya kawo wuta!"

Yaya ya sunkuya ya shaƙi hayaƙin. "Har da ƙamshi. Sai ka ce ana soye-soye."

Dariyar Injiniya ta tsaya. Ya dubi rawayar jarkar da ya juye a tanki. Tasa ya ɗaura mata jar waya a hannu. Wannan ba waya. Jarka biyu ya gani a ƙofar sito da safe, ya ɗauki ɗaya a gurguje. Ɗayar tana wurin gwaggonsu mai yi musu girki, kuma man bini-da-zugu guba ne.

Ya ture Yaya ya zura da gudu, takalmi ɗaya ya cire a hanya.

"Gwaggo, kar ki zuba! Guba ce!"

Kasko na kan wuta, albasa a yanke, jarka mai jar waya a gefe, murfinta a rufe.

"Za ka tsinka min zuciya, ɗan nan," ta ce. "Shekara hamsin ina girki, ban san warin mai ba? Ina ka kai nawa?"

"Inji ya sha."

"Inji ya sha. To zo ka kai masa albasar ma."

Yaya na tsaye bakin ƙofa, ya ji komai. "Wato man Gwaggo muka yi wa tafi," ya ce. "Sharaɗi na nan, ƙane."

Suka koma rumfa. Injiniya ya kashe injin, ya tsiyaye tanki ƙaf, ya wanke matatar man. Nasa man ya fi kauri, da ƙyar yake ratsa ƙyallen tacewa. Gwaggo, da ta biyo su ganin abin da ya shanye mata mai, ta koma ta kawo ruwan zafi a roba.

"Tsoma jarkar ciki. Mai in ya ji ɗumi yana sakin jiki. Wannan ma sai an koya wa injiniya?"

Ya tsoma, ya jira, ya zuba. Ya murɗa hannun injin. Shiru. Ya sake, inji ya yi tari ya mutu. Yaya ya ciro waya daga aljihu. A murɗawa ta uku ƙarar ta kama, ta yi rawa, ta miƙe. Ƙwan ya kawo, wannan karon da hayaƙi mai ɗaci.

Babu wanda ya yi tsalle. Yaya ya zuba wa agogo ido, minti goma cif. Sannan ya danna lambar masu haƙar yashi, ya toshe kunne ɗaya da yatsa.

"Kar ku turo motar gobe," ya faɗa da ƙarfi. "A'a, ba jibi ba. An fasa."

Ya juyo, ya matso da baki kusa da kunnen ƙanensa saboda ƙara. "Wancan gefen kwazazzabon da ba ka taɓa ba, itace nawa zai ci?"