Ranar da Ilu Ya Mutu

Duk wanda ya girma a unguwar Hausawa ta New Bell, a birnin Douala na Kamaru, ya san labarin Zailani. Shi ne aka ce ya kashe abokinsa Ilu a cikin kwale-kwale, a daminar 1997, lokacin da suke fasa-ƙwaurin atamfa daga Najeriya ta bayan idon 'yan duwan, wato jami'an kwastan. Shekara huɗu ya yi a gidan yari, tari ya kama shi, ya rasu a can. 'Yarsa Latifa tana da shekara shida aka tafi da shi.

Kawunta Tahir, ƙanen mahaifiyarta Azumi, shi ya riƙe su. Shi ya sa Latifa a makaranta, ta iya Faransanci, har ta samu aiki a ofishin masu fito da kaya a tashar jiragen ruwa ta Douala. Kuma shi ne ya tsaya a kotu ya ce da idonsa ya ga Zailani ya bugi Ilu. Da waɗannan abubuwa biyu Latifa ta tashi. Tana cin abincin gidansa, tana gaishe shi safe da yamma, amma a ranta ba ta taɓa yarda ubanta ya yi kisa ba. Ba ta da hujja ko guda. Ta dai ƙi yarda ne kawai.

Bana, da likita ya gaya wa Tahir ƙodarsa ta gaza, sai ya aika aka kira ta. Ta same shi a zaure, ƙafafunsa sun kumbura, ya jingina da bango.

"Latifa, kin taɓa tambayar kanki yadda muka yi shekara tara muna wannan harka ba a taɓa kama mu ba?"

"Ban taɓa ba, Kawu."

"Akwai wani mashigi a cikin kurmin bakin ruwa, can ƙasan kogin Wouri. Ilu ne ya gano shi. Idan ruwa ya cika maƙil ka shiga, ba a ranar da ka shiga kake fita ba. Duwan su biyo mu ranar Talata, mu fito ranar Lahadin da ta wuce, mu sauke kayanmu lafiya lau."

Ta dube shi. Ta ɗauka ciwon ne ya taɓa masa kai.

"Na san abin da kike tunani," ya ce. "Ranar da ta fi yi wa mai tuƙi nauyi a zuciya, can mashigin yake kai shi. Ni tun shekarar nan rana ɗaya yake kai ni. Sau bakwai na je. Bakina ya kasa faɗa miki, amma zan iya kai ki ki gani."

Ba don ta gaskata ta bi shi ba. Ta bi shi ne don shekara ashirin da bakwai ke nan bai taɓa ambaton ranar ba sai yau.

Da safiyar Asabar suka tashi daga Youpwé, inda masunta ke sauke kifi, a wani tsohon kwale-kwale da ya aro. Sun yi kusan awa biyu suna tafiya. Gari ya ɓace, sai ruwa mai launin ƙasa da itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye a sarari kamar ƙafafu. Tahir ya kashe inji, ya ɗauki filafili, ya karkata cikin wata 'yar hanya da rassa suka rufe ta sama. Latifa ta ji kunnuwanta sun toshe. Ta duba wayarta, ta mutu, alhali da cikakken caji ta fito. Da suka ɓullo ɗaya gefen, ruwan sama ne ake zubawa, ga shi sun baro rana ta ƙwalle.

Tahir ya tsayar da su a bayan saiwoyi. Ya nuna da haɓa.

Can gaba, wani babban kwale-kwale ne shaƙe da dilolin atamfa an lulluɓe da leda. Maza uku a ciki. Na tsakiya dogo ne, baƙi, yana kwashe ruwa da gwangwani. Latifa ta gane ubanta ne tun kafin ya juyo, ta yadda yake sunkuyar da kafaɗa ɗaya. Bai kai shekarunta na yanzu ba. Ta toshe bakinta da mayafi.

Saurayin da ke gaba shi ke ta ɗaga murya. Tahir ne, da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa.

"Kai ka sayar da mu, Ilu! An gan ka a ofishin duwan!"

"Wallahi ban taɓa taka wurin ba," in ji Ilu daga wajen inji. Gajere ne, mai sanyin murya. "Na dai ce na daina, kuma na daina. Wa ya gaya maka wannan magana?"

"Kawu, matsa da mu!" Latifa ta ce. "Matsa, mu hana su!"

Tsohon bai motsa ba. Idonsa a rufe yake. Ta fizge filafilin ta fara tuƙi, ita da ba ta taɓa tuƙa jirgi ba, kwale-kwalen yana juyawa da ita. Ta yi ihu, ruwan sama ya haɗiye muryar. Tana kallo saurayin ya ɗaga nasa filafilin ya kai wa Ilu duka a gefen kai. Ilu ya bugu da bakin jirgi, ya faɗa ruwa. Zailani ya yi tsalle ya bi shi.

Kafin ta iso an gama. Zailani ya jawo Ilu kan taɓo, ya danna masa ƙirji, ya kira sunansa, ya sake kira. Sannan ya zauna. Jinin Ilu ya ɓata masa riga. Saurayin yana tsaye yana kuka kamar yaro.

"Tafi," Zailani ya ce masa. "Bi ta ƙauyen masunta. Duk wanda ya tambaye ka, ka ce ni ne. Ka ji? Ni ne."

Saurayin ya kutsa cikin kurmi da gudu.

Latifa ta sauka, taɓo ya kama ta har ƙwauri. Zailani ya ɗago. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya kalli tsohon da ke cikin ƙaramin jirgin ya rufe fuska da hula.

"Fuskar Azumi ce wannan," ya ce a hankali. "Ta mashigin kuka zo."

"Ni ce, Baba. Latifa."

"Shekara nawa?"

"Ashirin da bakwai."

Bai tambaya ko yana raye a lokacin nata ba. Ya ga Tahir ne ya kawo ta, ba shi ba.

Duk maganar da ta tara tun tana ƙarama ta zubo lokaci guda. Ta ce masa ta gani da idonta, ba shi ya yi ba. Ta ce ya tashi ya je ya faɗi gaskiya. Ta gaya masa yadda ake nuna ta da baki a gidan biki, da yadda Azumi ta daina zuwa kasuwar unguwa, take hawa mota har Bonabéri don sayen kayan miya inda ba a san ta ba.

"Na san ba ka yi ba, Baba. Tun ina yarinya na sani."

Zailani ya sunkuyar da kai. "Kin ji Ilu ya tambaya wa ya gaya wa Tahir?"

Ta gyaɗa kai.

"Ni ne. Kuma ƙarya na yi. Ilu bai taɓa zuwa wajen duwan ba. Cewa ya yi tsoron Allah ya kama shi, wasa da kwanaki ba namu ba ne, zai sayar da jirgin ya koma ɗinki. Jirgin nasa ne. In ya tafi, mun tashi. Na san Tahir da zafin kai. Na ce bari in zuga shi ya tsorata Ilu, ya bar mana jirgin ya tafi abinsa. Iyakar abin da na nufa ke nan." Ya dubi gawar. "Hannun Tahir ne, amma maganar tawa ce."

Wani sauti ya fito daga ƙaramin jirgin. Tsohon ya sauke hular. Sau bakwai ya zo, bai taɓa matsowa kusa da zai ji wannan ba.

"Yaya Zailani," ya ce. "Duk shekarun nan ina cewa ka ba da ranka saboda ni. Ina cewa ko ba komai maci amana na buga."

"Ba maci amana ba ne. Ya fi mu duka."

Latifa ta zo ne ta wanke uba, ga shi uban da bakinsa ya hana.

"To ni fa?" ta ce. "Ni da Inna, me muka yi?"

"In na koma gida yau, da wane ido zan dube ku?"

"Da wanda kake dubana da shi yanzu! Ka zaɓi abin da zai sanyaya maka zuciya, Baba. Ba ka tambaye mu ko za mu iya ɗauka ba."

Bai musa ba. Ya miƙo hannu kamar zai taɓa kanta, sai ya ga jinin da ke tafinsa, ya mayar.

"Ruwa ya fara janyewa," ya ce. "In ya sauka, mashigin ya rufe, kun zauna nan ke nan. Tahir, mayar da ita."

Ta tsaya tana jiran ya ce zai sake shawara. Bai ce ba. Ya cire ledar da ke kan atamfa, ya zaro turmi guda, ya warware ya rufe Ilu da shi. Haka ta bar shi, a durƙushe cikin ruwan sama, yana gyara gefen zanen don kada ƙafafun su fito.

Suka sake bi ta mashigin, suka fito cikin rana. Sai da gine-ginen gari suka bayyana Tahir ya ce, "Na ɗauka in kin gani za ki tsane ni, in huta. Don haka na kawo ki. Ban san akwai sauran abin da ban sani ba."

"Ban san wanda zan tsana ba, Kawu."

"Gobe ki raka ni Mboppi."

Hafiza, matar marigayi Ilu, tana da rumfar yadi a kasuwar Mboppi. Tun rasuwar mijinta ba ta taɓa amsa gaisuwar kowa daga gidansu Latifa ba. Ta gan su tafe, Tahir yana dogara sanda, ta ci gaba da auna yadi har mai saye ya tafi. Tahir ya zauna a kan dila ba tare da an ba shi wuri ba, ya faɗa mata komai. Mashigin kaɗai ya ɓoye. Ya ce shi ya yi dukan, ya ce Zailani ne ya ƙirƙiri zancen duwan.

Hafiza ta naɗe yadin da ke hannunta tsaf, ta ajiye.

"Wanda ya buge shi bai dame ni ba kamar yadda kuke zato," ta ce. "Mijina ya riga ya tafi. Amma 'ya'yana uku sun girma ana ce musu 'ya'yan ɗan rahoto. Babban ya bar garin nan saboda haka, yau shekara goma sha ɗaya bai zo ba. Kana da bakin faɗa mini a rumfa, Malam Tahir. Kana da bakin faɗa a masallaci?"

"Ina da shi."

"To ranar Juma'a. Kada ka nemi gafarata yanzu, ba ni da ita."

Ranar Juma'a bayan an sallame, Tahir ya miƙe da ƙyar a gaban jama'a ya faɗa. Wasu dattawa suka ce ya zauna, abin da ya wuce ya wuce. Bai zauna ba sai da ya kai ƙarshe. Waɗansu suka ce a kai maganar hukuma, waɗansu suka ce mutumin da ko tsayuwa ba ya iyawa me za a yi da shi. Ana cikin wannan ja-in-ja, bayan sati biyar, ya rasu. Hafiza ba ta zo gaisuwa ba, amma ƙaramin ɗanta ya bi gawa.

Mutanen unguwa suka rasa yadda za su yi da Latifa. Ubanta bai yi kisa ba, kuma bai fita daga laifi ba. Masu yi mata barka suna farawa sai su tsaya a tsakiya.

Mahaifiyarta kaɗai ta gaya wa zancen mashigin, wata ranar Lahadi da hantsi, suna tsince shinkafa a tsakar gida. Ta zaci Azumi za ta ce ta yi istigfari. Azumi ta saurara har ƙarshe, hannunta bai daina tsinta ba.

"Wace riga ce a jikinsa?" ta tambaya.

"Shuɗiya. Mai aljihu biyu, ɗaya an ɗinke shi da farin zare."

Azumi ta ajiye farantin a ƙasa.

"Baƙin zaren ne ya ƙare mini," ta ce. "Na ce ya jira in aika a sayo, ya ce sauri yake yi."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Latifa ta jawo farantin gabanta, ta ci gaba da tsintar.