Man Gyada a Kwalbar Dibora

Tun farkon damina Dibora take fama da hannun wata Baturiya. Hoton tsohon zane ne da Baba Filibus ya yago mata daga kalanda: mace a bakin taga tana ɗinki, ita kuma Dibora tana kwaikwayonsa da fenti. Fuska ta fito, riga ta fito, amma yatsun nan kullum sai su zama kamar rogo.

Baba Filibus ne ya koyar da zane a sakandare a Haɗeja har ya yi ritaya. Yanzu yanar ido ta ci ƙarfinsa, 'ya'yansa za su mai da shi Filato. Da yatsa yake duba aikin ɗalibi idan fenti ya bushe. Dibora ba ta da burin da ya wuce ya shafa hannun nan, ya ce ya yi, kafin ya tafi.

Ana cikin haka man dama fenti da ake sayo mata daga Kano ya kusa ƙarewa. Maƙwabciyarta Fanna mai ƙuli-ƙuli ta ga kwalbar a taga, ta cika ta da man gyada, mai kyau kuwa, ba ta gaya wa kowa ba. Da shi Dibora ta gama yatsun, kuma a karon farko suka fito yatsu.

Sai fenti ya ƙi bushewa. Ta ɗora wa danshin kogi laifi, ta kai zanen rana, ta kunna fanka. A banza. Da magana ta fito cewa man gyada ne, wanda ba ya barin fenti ya bushe, Fanna ta zauna a bakin ƙofa tana sharar hawaye.

"Maman Gift, wallahi alheri na nufa," ta ce wa Dibora.

"Na sani, Yaya Fanna." Dibora ta so ta yi fushi, ta kasa.

Ranar tafiyar Baba Filibus ta kai masa zanen, mota tana jira.

"Baba, kar ka taɓa. Ɗanye ne, zai lalace."

"Wanne kike so, 'yata? Zanen, ko in gani?"

Dibora ta kama hannunsa ta ɗora. Ya bi gaɓa-gaɓa a hankali, fenti yana gogewa a ƙarƙashin yatsansa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta janye ba.

"Akwai ƙashi a cikin hannun nan," in ji shi. "Kin iya."

Ɗansa Caleb ya miƙo tsumma, tsohon ya ce a bar masa abinsa. Haka ya shiga mota da hannu a ɗage, kar ya goge a kujera.