Sai Gilashin Ya Hau

Gilashin ya suɓuce daga hannunsa ya faɗa cikin ƙofar motar, ƙarar ta zo har kan keken ɗinkina. Na tsayar da ƙafa na leƙa waje. Bakanike, maƙwabcina, yana durƙushe a gefen tsohuwar motarsa, hannu ɗaya a cikin ƙofar da ya kwance wa kwalin da ke rufe cikinta, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. 'Yarsa Malama, mai koyarwa a firamare, tana tsaye a kansa da takardar asibiti a hannu.

"Bai fashe ba," in ji shi, da tarin ya sake shi.

"Baba, likita cewa ya yi yau a kwantar da kai. Ga motar haya can na tsayar a bakin titi."

"Sallami direban. A motata zan tafi."

"To shiga mu tafi a motarka."

"Gilashi a ƙasa? Da ruwan nan da ake zubawa kullum? Ki ce dai so kike ki huta da ni."

Malama ta ninke takardar a hankali. "Shekara goma sha biyu Mama tana zama a wannan kujerar, ruwa na dukanta, tana tare taga da tawul. Kullum sai ka ce ranar hutu za ka duba. Har ta rasu ranar hutun ba ta zo ba. Yanzu da ƙafarka ta kumbura ba ka iya tuƙi, kai za ka zauna a wurin, shi ne ka tuna gilashi na hawa."

Ya mayar da hannu cikin ƙofa.

Shekara goma sha tara muna maƙwabtaka, ban taɓa ƙaunar mutumin nan ba, shi ma bai ɓoye mini nasa ba. Motar ta girmi Malama. Irin mai dogon hancin nan ce, da bamba na ƙarfe mai ƙyalli, kuma kullum bayanta na tare rabin ƙofar shagona, baƙin mai na ɗiga inda masu kawo ɗinki ke takawa. Sau ɗaya na shanya yadin mutane a kan bonet, ya tattara ya watsa a kwata. Tun ranar ba mu ƙara gaisawa ba. Mai Allura yake kirana, wai sana'ata ta masu tsoron datti ce. Ni kuwa fatana kullum masu sayen tsohon ƙarfe su zo su ɗauke motar, in da hali su haɗa da mai ita.

Aikin da ya tasa a gaba ba na mutum ɗaya ba ne. Injin ɗaga gilashi na irin waɗannan motocin ƙarfe biyu ne a gicciye kamar almakashi, da wani faifai mai haƙora da hannun juyawa ke turawa. Sai wani ya riƙe gilashin daga sama, a tsakiya daidai, kafin na ƙasa ya samu ramin da zai zura sifana ya ɗaure. Amma a layinmu ba wanda Bakanike bai zaga ba. Mai wanki, mai shagon kayan masarufi, direban da ke haya a gidan da ke kan kwana, kowa na da tabonsa. Da yamma Malama ta shigo shagona.

"Baba Tela, don Allah ka riƙe masa, minti goma."

"Bakinsa ciwo yake? Ya roƙa da kansa."

Daga waje muryarsa ta shigo. "Gara in kira akuya. Ita ko ba komai ba za ta ba ni shawara ba."

Na ɗora ƙafa a keke na ci gaba da kalmasa.

Washegari Malama ta haƙura ta riƙe masa. Ya goge haƙoran faifan da zarto ɗaya bayan ɗaya, ya wanke tsohon giris da kananzir, ya shafa sabo, ya ɗaure. Ya juya hannu, gilashi ya hau kamar taƙi ɗaya, sai ya karkace ya cije. Suka kwance, suka sake, ya sake cijewa. Ya ce hannunta ne ke rawa. Ta ce nasa ne. Ya ce da namiji ya haifa da tuni an gama. Ta saki gilashin ta shige gida tana kuka.

Ni daga inda nake zaune na ga matsalar. A gefen tagar akwai kwarmin da gilashi ke bi, an shimfiɗa masa wani ƙyalle mai kauri tun daga kamfani, kuma ƙyallen ya ruɓe ya zama gari, gilashi na gugar ƙarfe tsirara. Shi ma ya sani, na ga yana ƙwaƙulo garin da farce yana dubawa. Ba a sayar da irinsa yanzu a ko'ina. A ƙarƙashin teburina kuwa akwai ragowar yadin kwat mai gashi-gashi, kaurinsa daidai. Na san yana nan, ƙafata ma na taɓa shi. Ban ɗauko ba, kuma ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji. Yau ga gwanin gwanaye, mai raina allura, tsumma ya kayar da shi.

Rana ta uku na zo buɗe shago na same shi zaune a ƙasa, ya jingina da taya. Leɓɓansa sun yi duhu, sifana na kan cinyarsa ya kasa ɗagawa. Malama ta biyo ni ciki. Wannan karon ba ta roƙe ni ba.

"Na kawo mutum biyu su ɗauke shi da ƙarfi, ya rungume ƙofar ya ce sai dai a yanke hannunsa. Ku biyun nan halinku ɗaya, Baba Tela. In ya mutu a nan, kai za ka tsallake shi ka buɗe shagonka."

Na ji haushin maganar ƙwarai, don gaskiya ce. Na jawo yadin, na fita da almakashi da gam.

"Me ya kawo ka?" in ji shi.

"Na gaji da ganin bayan motarka. So nake ta tafi."

"Ba ka auna ba."

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Matsa."

Na yanka tsiri biyu, na kankare kwarmin da bakin sukundireba, na shafa gam na danna yadin ciki. Yana kallona kamar mai jiran in yi kuskure. Ya sa babban yatsa ya bi layin daga sama har ƙasa, bai samu aibu ba, sai ya ce, "Gam ya yi yawa."

Muka jira ya bushe. Sannan na tsaya na matse gilashin tsakanin tafukana, shi kuma Malama ta tallafe shi ya durƙusa.

"Ƙasa kaɗan. Na ce kaɗan, kurma ne kai? Sama. Tsaya nan. In ka saki sai na fasa maka kai."

"Da wane ƙarfin?"

Noti huɗu ne kacal, amma sai da suka ci mana kusan awa ɗaya. Yana ɗaure ɗaya sai ya kifa goshi a ƙofa ya huta. Na ce ya ba ni in ƙarasa, ya ce ranar da tela ya ɗaure noti a motarsa a ƙone ta. Da ya gama na huɗun ya sa hannun juyawa, ya juya. Gilashin ya hau sumul, ba ƙara, ya shige saman taga ya zauna. Ya sauke, ya sake ɗagawa. Bai yi murmushi ba, bai gode ba.

"Kwalin ƙofar fa?" in ji shi.

"Wallahi Baba, in ka ƙara cewa wani abu zan bar ka a nan," in ji Malama.

Muka ɗaga shi muka sa a kujerar gaba. Ba shi da nauyi ko kaɗan, abin ya tsorata ni. Na shiga baya don in taimaka wurin sauke shi. Ba mu kai babban titi ba ruwa ya sauko.

Malama na tuƙi tana faɗa, idonta a kan hanya. Kwana uku, ta ce, kwana uku a kan taga. In an isa kada ya zagi likita, kada ya ce wa nas ba ta iya allura ba, kada ya tambayi wa ya haɗa gadon. Shi dai ya jingina kansa da gilashin. Daga bayansa ina ganin inda numfashinsa ke sauka, wani ɗan hazo kamar faɗin tafin hannu, ya bazu, ya tsuke, ya sake bazuwa. Na rasa abin kallo sai shi, ina lissafa kwana biyun da yadin ya yi a ƙarƙashin ƙafata, kunya da tsoro suka cika ni.

A fitilar hanya ta biyu hazon ya tsuke bai dawo ba. Na jira. Na miƙa hannu na dafa kafaɗarsa, bai motsa ba.

"Kuma ka ji na gaya maka," Malama ke cewa, "in sun ce sati biyu, sati biyu ne."

Ta kunna sigina ta karya kwanar asibiti. Ruwa na gangarowa ta bayan gilashin, ta ciki kuwa ya bushe sarai.